Allurar Kashe Hannu Ga Yaro Lokacin Tiyata

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 6 za a yi wa aiki a yatsu. Likita ya ce bayan an sa shi barci za a ƙara masa allura a hammata, hannun ya mutu na wasu sa'o'i. Kakarsa ta ce kada ya shanye. Mene ne gaskiyar lamarin?
Wata uwa, Zariya

AMSA: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa suna fitowa ne daga wuya, su bi ta hammata a dunƙule. A gefensu ake zuba maganin, ba a cikinsu ba, galibi bupivacaine ko ropivacaine, gwargwadon nauyin yaro. Likita yana kallon bakin allurar a na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Tun 1911 likitocin Jamus suke wannan allura. Lahani mai ɗorewa ga jijiya yana aukuwa, amma da wuya ƙwarai.

Amfaninta, yaro zai farka ba kururuwa, kuma ba sai an ɗura masa magunguna masu ƙarfi da ke sa amai da magagi ba.

Inda nake so ki natsu shi ne daren farko. Hannun zai yi nauyi kamar ba nasa ba, yawanci awa 8 zuwa 12, wani lokaci ya zarce. Ki rataye masa shi a wuya da ƙyalle, ki tokare da matashi in ya kwanta. A nisanta shi da murhu da ruwan zafi, don zai ƙone bai sani ba. Iyaye da yawa suna ganin yaro na wasa sai su ajiye farasitamol ɗin da aka rubuta. Kuskure ne. Allurar takan sake shi tsakar dare, zafin ya taso gaba ɗaya. Ki ba shi a kan lokaci, tun kafin ya ce yana jin kamar kiyashi na bin yatsunsa. Kada a ba shi asfirin ko kodin.

In yatsun suka yi sanyi ko suka canza launi, ko bandeji ya matse, ko zafi ya ƙi jin magani, ko aka kwana aka wuni hannun bai motsa ba, ku koma asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne.