Mutumin Da Ya Auna Guguwa

Yara, kun san guguwar bazara wadda takan murɗa ƙura ta yi sama da ita. To, a kan teku akwai wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. Faɗinta yakan kai mil ɗaruruwa, tana juyawa kamar dutsen niƙa, tana tura ruwan teku zuwa cikin garuruwa. Abin mamaki, da yawa daga cikin guguwoyin Tekun Atlantika a nan Afirka ta Yamma suke farawa. Hadarin damina ne yakan ratsa ƙasashenmu ya nufi yamma, in ya hau ruwa mai ɗumi sai ya ƙasaita.

An haifi Robert Simpson a shekarar 1912 a Corpus Christi, wani gari na bakin teku a Amurka. Yana da shekara shida, watau a 1919, irin wannan guguwa ta auka wa garinsu, ɗaruruwan mutane suka halaka. Shi da iyayensa suka tsira da ƙyar. Bai taɓa mantawa da wannan rana ba.

Da ya girma ya yi karatun kimiyya, ya koyar a makaranta, sa'an nan a 1940 ya shiga Ma'aikatar Duban Yanayi ta Amurka. Bai yarda ya tsaya a ofis kaɗai ba. Yakan shiga jirgin sama a kutsa da shi cikin guguwa, yana auna iska. A 1951 ya shiga har tsakiyar wata babba a Tekun Pasifik. Tsakiyar nan ita ake kira idon guguwa, wuri ne shiru, ga sararin sama garau, alhali kewaye da shi iska tana hauka.

Daga baya aka naɗa shi shugaban ofishin gargaɗin guguwa da ke Miami. Yana nan a 1969 sa'ad da wata guguwa da aka sa wa suna Camille ta doshi gaɓar Mississippi. Simpson ya ga in aka ce wa mutane "guguwa tana zuwa" kurum, waɗansu za su yi zamansu. Saboda haka ya faɗi ƙarfin iskar da tsawon ruwan da ake tsammani. Dubbai suka gudu suka tsira, gama ruwan ya tashi wajen ƙafa 24.

Wannan ya nuna masa ana bukatar ma'auni mai sauƙi. Shi da wani injiniya, Herbert Saffir, suka kasa guguwa mataki biyar. Ta mataki na ɗaya iskarta tana gudun mil 74 a awa ko fiye. Ta mataki na biyar kuwa daga mil 157 take farawa, tana iya rushe gidaje. Har yanzu da wannan ma'auni ake aiki, kowa ya ji lambar ya san abin da ke tafe.

Simpson ya rasu a 2014 yana da shekara 102. Kun ga, ba wanda ya isa ya tare guguwa, amma mai ilimi yana iya faɗakar da jama'a da maganar da za su gane. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. A ina guguwoyin Atlantika da yawa suke farawa?
2. Mene ne idon guguwa?
3. Don me aka kasa guguwa mataki biyar?