Ɗori da Tiyata: Nazari a Kan Gyaran Karaya da Targaɗe

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya bambance karaya da tsagewar ƙashi da gocewa da targaɗe, kuma ɗori sana'a ce ta gado a wurinsa. Maɗori yakan ja gaɓar da ta karye har bakin ƙashi ya sadu da ɗan'uwansa, ya shafa magani, ya jera karare, sannan ya ɗaure. Abin lura a nan shi ne, ba maɗori ke haɗa ƙashi ba, ba kuwa likita ba. Jini ke taruwa a wurin karayar ya daskare, sannu a hankali guringuntsi ya maye gurbinsa, daga baya ya ƙanƙare ya zama ƙashi. Aikin mai gyara bai wuce ya daidaita ƙashin ya hana shi motsi ba. Ta wannan fuska filastar asibiti da karan maɗori duk manufarsu ɗaya.

Inda suka rabu shi ne karayar da ɗauri daga waje ba ya iya riƙe ta, kamar ta cinya, wadda ƙarfin tsoka kan janye ƙashin har ƙafa ta gajarce. A 1939 wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara zura doguwar ƙusa ta cikin ramin ɓargo, ta riƙe ƙashin daga ciki. A 1958 kuma likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta tsara ɗaure ƙashi da fallen ƙarfe da noti. Shi kuwa Ilizarov na Rasha, zobba da wayoyi ya kewaye ƙafa da su, yana buɗa ƙashin milimita 1 kullum, sabon ƙashi na cike giɓin. A Kano an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959.

Haɗarin ɗori kuwa ba ɓoyayye ba ne. Idan aka tsananta ɗauri alhali gaɓa na kumbura, jini kan yanke, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta sai yankewa. Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata, wanki take bukata kafin komai.

Targaɗe ya fi wuyar bayani, domin kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da ta ji da kuma igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ga shi kuwa ta ƙarshen ce ke tsinkewa. Wadda ke tsakiyar gwiwa daga gaba ba ta cika haɗewa da kanta ba, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ta, shi ya sa ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo kan yi ta fama da gwiwa mai sulluɓewa ana cewa targaɗe ne kawai. Likita kan yanko wata jijiyar daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya, ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta ya kafe. Kafin majinyaci ya koma fage, sai ya yi kamar wata 9 yana motsa ƙafar.