Na Sabunta Manhaja, Ana Neman In Sake Biya

Tambaya: Na biya kuɗin shekara a wata manhajar karatu, amma tun da na sabunta ta take cewa in sake biya. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ƙara ko sisi. In ta Play Store kika biya, kuɗinki na maƙale da Gmail ɗin da kika biya da shi. Sabuntawa na iya fitar da mutum daga asusunsa, kuma in wayar na da Gmail biyu, manhajar na iya komawa kan ɗayan. Buɗe Play Store, taɓa hotonki a sama, duba sashen biyan kuɗi. In manhajar na nan, shiga cikinta da wannan Gmail ɗin, ki danna maɓallin maido da abin da aka saya, in akwai shi. In ta ƙi, nemo rasit a imel ɗinki, lambarsa tana farawa da GPA, ki tura wa masu manhajar. Haƙƙinki ne.