Darasin Lafiya: Ƙurajen Fuska

Daga Kakuri har Sabon Tasha, samari da 'yan mata da yawa suna fama da ƙurajen fuska. Maiƙon jiki ne ke toshe ƙofofin fata. Ga abin yi:

1. A wanke fuska da sabulun salo sau 2 a rana, safe da dare.
2. Kada a matse ƙurji. Matsewa tana barin tabo.
3. Idan hunturu ya busar da fuska, a shafa man kaɗanya kaɗan.
4. A guji man bilicin. Yana ɓata fata. Wani har ƙoda yake lalatawa.

Kyasbi da makero kuwa, wanka kaɗai ba ya kashe su. Sai a je asibiti a karɓi magani.