Idan Korona Ta Sake Tasowa: Shawarwari Tara Ga Maigida da Uwargida

A ranar 20 ga Disamban 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, ta ba da sanarwar cewa Nijeriya ta shiga zagaye na huɗu na annobar korona, bayan masu kamuwa sun ƙaru da kashi 500 cikin 100 a mako biyu kacal. Sabon nau'in cutar na wancan lokaci, Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta fara kai rahotonsa a ƙarshen Nuwamba, ya fi na baya saurin yaɗuwa. Ga shi kuma ya zo a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke tari da atishawa, tagogi na rufe, 'yan makaranta sun dawo hutu, katunan ɗaurin aure sun cika aljihu.

Wanda ya zauna Kano a watan Afrilun 2020 ba sai an ba shi labari ba. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Galibin waɗanda suka rasu sun haura shekara 65. Ke nan duk wani shiri da gida zai yi, daga tsofaffinsa ya kamata ya fara.

1. A san masu rauni a gida. Maigida da uwargida su zauna su lissafa: wane ne ya haura shekara 60, wa ke da ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon ƙoda ko tarin fuka, wace ce ke da juna biyu. Waɗannan su cutar ta fi kayarwa. Saurayi kan kwaso ta a majalisa ko gidan kallon ƙwallo, ya yi ɗan mura na kwana biyu ya miƙe, amma kakarsa da ya shiga gaisarwa ta kwanta. A tanadar wa masu hawan jini da suga maganinsu na aƙalla wata guda, kada su yi fashin sha, don rikicewar waɗannan cututtuka ita ke ba korona ƙofa.

2. A bar iska ta ratsa ɗaki. Cutar nan a numfashi take tafiya. Mai ɗauke da ita in ya yi magana, ko tari, ko dariya, ƙwayoyin kan fito su rataya a iskar ɗaki, kuma ɗakin da ke rufe ruf yana tara su kamar yadda yake tara hayaƙin turaren wuta. Sanyin hunturu kan sa a toshe ko'ina, har a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da rana ta ɗaga a buɗe taga da ƙofa, a ɗage labule. In baƙi sun zo, a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya, a bar ƙuryar ɗaki. Gidajenmu masu faɗin tsakar gida sun ba mu abin da mazauna benayen Turai suka rasa, sai mu mora.

3. A sa takunkumi inda ya dace, kuma yadda ya dace. Cikin a-daidaita-sahu, motar haya, layin banki, asibiti, rumfar kasuwa mai cunkoso da masallacin Juma'a, nan ne wurinsa. Ya rufe hanci da baki har haɓa. Wanda aka saukar ƙarƙashin hanci ko aka rataya a wuya, ado ne kawai. Na yadi ya zama mai ninki biyu ko uku, a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana. Na asibiti in ya jiƙe ko ya yi datti a yar. Gefen mayafi ko bakin rawani ba ya tsare abin da takunkumi ke tsarewa. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a sa masa sam. Ga riba ta biyu: takunkumi na rage ƙurar hazo da ke shiga ƙirji.

4. A ajiye sabulu kusa da buta. Mu masu alwala sau biyar ne a rana, saura kawai a haɗa da sabulu. A sa buta da sabulu a zaure ko bakin ƙofa, duk wanda ya dawo daga waje ya cuɗa hannu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin ya taɓa yaro ko kwano. Ƙwayar korona na da fatar maiƙo a jikinta, sabulu ke narkar da ita, ko da sabulun wanki ne na talaka. Kafin cin abinci kuma, a daina tsoma hannu goma a ƙwarya ɗaya. A zuba wa kowa ruwa daga buta.

5. Kada a yanke wa zazzaɓi hukunci a gida. Da jiki ya yi zafi sai mu ce sauro ne ko shawara, a aika yaro kemis. Alamomin korona sun yi kama da na mura da na zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala, tari, ƙaiƙayin maƙogwaro, yoyon hanci. Wasu kan daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Sukan bayyana ne cikin kwana biyu zuwa 14 bayan haɗuwa da mai cutar, kuma mutum na iya yaɗa ta tun kafin shi kansa ya ji komai. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa, kuma korona da zazzaɓin cizon sauro na iya haɗuwa a jiki ɗaya. A 2021 gwajin mai alamu kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kiran lambar NCDC ta 6232 ma haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kamuwa da korona ba abin kunya ba ne, ɓoye ta ne ke jawo wa gida asara.

6. In wani ya kamu, a tsara jinyarsa. Mafi yawan masu kamuwa a gida suke warkewa. A ware masa ɗaki, in babu a ware masa gefe kusa da taga, a bar tazarar taku biyu tsakaninsa da sauran. Mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya ya riƙa kula da shi, su biyun da takunkumi. Kada a ɗora wa tsohuwa ko mai ciki wannan aiki. Kofinsa, cokalinsa, butarsa da tawul ɗinsa daban. Ya sha ruwa sosai, da kunu da romo, ya huta, ya sha farasitamol in zazzaɓi ya taso. Ya killace kansa aƙalla kwana 10 daga ranar da alamu suka fara. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta sa takunkumi. Masu dubiya kuwa a ba su haƙuri su yi ta waya, addu'a ba ta san nisa ba.

Amma da an ga numfashi na sarƙewa, ko ƙirji ya ɗaure, ko majinyaci ya fara sambatu, ko ya kasa tashi daga barci, ko leɓɓansa sun canja launi, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Gidan da ke da hali ya sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar oksijin a jini. In ta sauka ƙasa da 94 a tuntuɓi likita, in ta kai ƙasa da 90 babu sauran jira.

7. A yi hattara da maganin "an ce". A watan Maris na 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirki kulorokwin fiye da kima, bayan shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi. Bincike ya nuna ba ya maganin korona. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya, irin su kafso, ba sa taɓa ƙwayar bairos. Dezametazon na ceton rai, amma ga wanda ya kai ga buƙatar oksijin ne a hannun likita. Mai shan sa a gida yana raunana garkuwar jikinsa, yana tayar da sugansa. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami da zuma na sanyaya maƙogwaro, a sha. Sai dai kada ya hana zuwa asibiti. Saƙon murya da aka turo a WhatsApp ba likita ba ne, in ba a san tushensa ba ya tsaya a wayarka.

8. A rage taro, a riƙe zumunci. An ce zumunta a ƙafa take, amma a lokacin annoba ƙafar ta yi saurin juyawa. Ɗaurin aure da suna a yi su a fili, a taƙaita gayya. Ta'aziyya a yi ta a tsaye, a yi addu'a a wuce, a bar zaman makoki na kwana uku a ɗaki cunkus. Hannu a ƙirji ya wadatar a madadin musabaha. Mai tari ko zazzaɓi ya yi sallarsa a gida. Wannan ba ƙarancin tawakkali ba ne: Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa. Saudiyya ma ta taƙaita Hajjin 2021 ga mutum 60,000 mazauna ƙasar.

9. A je a yi riga-kafi, a fara da tsofaffi. Tun ranar 2 ga Maris 2021 allurai kusan miliyan huɗu na AstraZeneca suka sauka Abuja ta shirin rabon allurai na COVAX, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, kuma ya karɓi tasa a bainar jama'a ranar 6 ga watan. Daga 10 ga Disamban 2021 aka fara ba da allurar ƙari ga wanda ya cika wata shida da yin ta biyu. Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, musamman da Omikron, amma tana rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai. Ciwon dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu alama ce jiki na aikinsa. Mun ga abin da jita-jita ta yi mana a 2003, da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Maigida, kai ake kallo. In ka sa takunkumi yara za su sa, in ka miƙa dantse iyali za su miƙa. A 2021 allurar kyauta ce a asibitocin sha-ka-tafi. In ana ba da ita kusa da ku, ka ɗauki Baba da Hajiya ka kai su, kai ma ka shiga layi. Allah Ya tsare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.