Na'a-na'ar Kyanwa: Yadda Ake Shuka Ta a Gida da Yadda Ake Girbinta

Daga cikin mas'alolin da ma'abuta kiwon kyanwa suke yawan kawo wa masana tsirrai akwai wadda ta shafi tsiron nan da Turawa ke kira katnif, malaman kimiyya kuma suka rubuta shi da sunan Nepeta cataria, mu kuwa za mu kira shi na'a-na'ar kyanwa, tun da yake dangi ɗaya suke da na'a-na'ar shayi da ɗoɗɗoya. Wani ya ce ya shuka bai ga tsiro ba, wani ya ce ta tsiro amma ta ruɓe tun daga saiwa, wani kyanwar gidansa ce ta kwanta a kai ta halaka ta a dare ɗaya, wani kuwa har ya kai ga girbi ya shanya, sai kyanwa ta shinshina ta kau da kai. Waɗannan illoli, ko da yake a zahiri sun sha bamban, galibi sababinsu biyu ne, wato jahiltar ƙasar da tsiron ya fito, da jahiltar wurin da fa'idarsa take.

Asalinta dai daga Turai take da Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya, ƙasashen da Allah ya hore musu lokacin sanyi mai tsawo, daga can ne aka kai ta Amurka ta Arewa har ta zama ciyawar gefen hanya. Tsayinta yakan kai daga santimita 50 zuwa mita ɗaya, karanta mai kusurwa huɗu ne, ganyenta mai haƙora-haƙora a gefe da gashi mai laushi, furenta kuma ƙanana ne farare masu ɗigon shunayya. Dukkan amfaninta yana cikin wani mai da ke tare a jikin ganye da kara, wanda sinadarinsa mafi ƙarfi, nefetalakton, masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka ware shi a shekarar 1941. Shi kuwa wannan mai ɗabi'arsa ce ya tsere cikin iska da zarar an murje ganyen ko zafin rana ya doke shi. Duk shawarar da za ta biyo baya, a haƙiƙa, dabara ce ta tsare wannan mai har ya kai lokacin da ake bukatarsa.

Idan ƙanshin ya shiga hancin kyanwa, za ka ga ta matso tana shinshinawa, ta lasa, ta goga kumatu da haɓa, sa'an nan ta zube ƙasa tana birgima, wata har da dalalar da miyau, na tsawon minti 5 zuwa 15, kana ta miƙe ta tafi, ba kuwa za ta sake kula ganyen ba sai bayan wani lokaci mai ɗan tsawo. Sai dai ya kamata a sani wannan hali gado ne, kimanin kyanwa biyu cikin uku ne suke da shi, 'yan ƙanana kuma da ba su wuce wata uku ba ba sa nuna shi, saboda haka kada mutum ya yi gaggawar ɗora wa shukarsa laifi. Akwai kuma hikima a cikin birgimar, domin a shekarar 2021 masana a Jami'ar Iwate ta Jafan, bayan gwaji da wani tsiron ƙasarsu mai sinadari makamancin nefetalakton, sun bayyana cewa sauro ba ya yawan sauka a kan kyanwar da man ya taɓa gashinta.

Sharaɗi na farko wajen shuka shi ne lokaci. Tun da tsiron ƙasar sanyi ne, abin da ya fi dacewa a ƙasashenmu shi ne a shuka shi bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, domin ya yi ƙarfi cikin hunturu kafin zafin bazara ya sauko. Mutanen tsaunukan Jos da Mambila kuwa sun fi kowa sauƙin wannan sha'ani. Irin ƙanana ne ƙwarai kuma masu nauyin tsirowa, don haka a kwanar da su a sashen ƙanƙara na firij, washegari a jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya, sa'an nan a barbaɗa su bisa ƙasa mai damshi a danna da tafin hannu, kada a binne su da zurfi, a kuma yi haƙuri na mako ɗaya zuwa uku. Wanda ya sami maƙwabci mai ita, ya roƙi reshe mai tsawon santimita 10, ya cire ganyen ƙasa, ya tsoma shi cikin ruwa har ya fid da saiwa.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙasa da ban ruwa, nan ne kuma mafi yawan mutane suke halaka ta da kyakkyawar niyya. A sami tukunya mai huda a gindi, a cika ta da ƙasar jigawa mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan, a guji laka mai riƙe ruwa, kada kuma a ba ta ruwa sai an nutsa yatsa an ji saman ƙasar ya bushe, domin ta fi jure ƙishi a kan kwanciyar ruwa, yawan taki kuma yakan ba da ganye mai yawa maras ƙanshi. Idan a fili ne, a bar tazarar santimita 45 tsakanin tushe da tushe. Cikin hunturu a bar ta ta sha rana. Idan bazara ta kama, a mayar da tukunyar inda za ta sami hantsi, inuwa kuma ta rufe ta tun kafin azahar. Da ta kai taƙi ɗaya a tsinke kanta domin ta yi rassa.

Sharaɗi na uku shi ne tsare ta daga kyanwar kanta, musamman ranar dashe, lokacin da hannu yake murje ganye ƙanshi ya tashi. A kifa mata kwando mai manyan idanu ko ragar waya har ta yi ƙwari, bayan nan a caccake 'yan sanduna tsakanin rassan yadda kyanwa za ta iya kai baki amma ba za ta sami wurin kwanciya ba.

Lokacin girbi shi ne sa'ad da fure ya fara buɗewa, domin a nan ne man ya fi yawa. A fito da hantsi bayan raɓa ta bushe, a yanke rassan da almakashi mai kaifi, a bar kimanin santimita 10 daga ƙasa domin ta sake tohowa, a ɗaure su ƙananan damma, a rataye su kai ƙasa cikin ɗaki mai inuwa da shigar iska. Kada a baza ta a rana yadda ake shanya kuɓewa da barkono, domin wanda ya yi haka busasshen ganye kawai zai tattara, man ya riga ya tafi. Idan ganye ya fara karyewa tsakanin yatsu, a zage shi daga kara ba tare da an daka ba, a zuba cikin kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu, sai ranar bayarwa a murje ɗan ƙaramin cokali ɗaya, a ƙulle cikin tsumma mai tsabta, sau ɗaya ko biyu a mako, domin kyanwar da ta ci da yawa takan yi amai ko zawo.

Mutanen Turai sun daɗe suna dafa ganyen su sha, amma an shawarci mace mai ciki ta nisance shi; haka nan, duk da abin da aka faɗa game da sauro, tukunyar da ke tsaye a tsakar gida ba za ta maye gurbin gidan sauro ba. Kyanwa kuwa dabba ce da shari'a ta hukunta da tsarki, ta kuma ɗora wa mai tsare ta haƙƙin ci da sha, wanda shi ne wajibi, wannan ganye kuwa ƙarin ihsani ne bayan an sauke shi. To, duk mai niyya ya tanadi iri da tukunya da kwando tun damina ba ta ɗauke ba, ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa bi da bi. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka shuka, amin.