Darasi na Tara: Haraji da Lissafin Gida

Karatu: Matta 22:15-22 da Luka 14:28-30.

Manufar darasi: Mu gane cewa ba dukan kuɗin da ya shigo hannunmu ne namu na ci ba, mu kuma koyi raba shi tun bai ƙare ba.

1. Tarkon da aka ɗana wa Yesu

A zamanin Ubangijinmu ƙasar Yahudiya tana ƙarƙashin mulkin Romawa. A shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu aka ƙidaya mutanenta domin a aza musu haraji, har wani Bagalile mai suna Yahuza ya ta da tawaye (Ayyukan Manzanni 5:37). Saboda haka sa'anda Farisawa da mutanen Hirudus suka tambayi Yesu ko halal ne a biya Kaisar haraji, tarko ne suka ɗana. In ya ce a biya, jama'a su juya masa baya. In kuwa ya ce kada a biya, a kai ƙararsa gaban gwamna.

Yesu ya sa aka kawo masa kuɗin harajin, wato dinari, azurfa wadda ita ce ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya, da hoton Kaisar a kanta. Mu lura fa, daga hannunsu kuɗin ya fito. Da kuɗin Kaisar su ke ciniki, amma wurin biya su ke neman mafita. Sai ya nuna musu cewa mai mulki yana da hakkinsa, Allah kuma yana da nasa, tilas a sauke duka biyu. Kuɗi yana ɗauke da hoton sarki, mutum kuwa yana ɗauke da surar Allah. Sarki yana iya karɓar kuɗinmu, amma lamirinmu da sujadarmu ba nasa ba ne.

Manzo Bulus ya koyar da wannan a Romawa 13:6-7, a zamanin Kaisar Nero, wanda ba mai tsoron Allah ba ne. Ashe biyan haraji bai rataya a kan ko muna ƙaunar mai mulki ba. Amma mai karɓa ma an ja masa iyaka, gama Yohanna Mai Baftisma ya hana masu karɓar haraji su ɗora kome bisa abin da aka ƙayyade musu (Luka 3:12-13).

2. Harajinmu na yau

Kakanninmu sun san haraji da jangali. Yau kuwa a kan abin da mutum ya samu a ke aza masa. A ran 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji ta Nijeriya, ta kuwa fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Bisa ga dokar nan, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye a kan karɓi kashi 15 cikin 100, daga nan kason yana hawa har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Kafin a yi lissafi a kan cire kuɗin fansho, da kashi 20 cikin 100 na hayar gida, amma wannan rangwame ba ya wuce naira 500,000.

Ga misali. Malamin makaranta ya sami naira 1,800,000 a shekara bayan an cire abin cirewa. A fid da 800,000, saura 1,000,000. Harajinsa naira 150,000 ke nan, wato 12,500 kowane wata. Shi malamin, tun albashi bai iso hannunsa ba an cire. Amma tela ko mai shago wanda ribarsa ta kai haka, ba wanda zai cire masa. Shi da kansa zai bayyana abin da ya samu, galibi ga hukumar haraji ta jihar da ya ke zaune. A kan riba a ke aza masa, ba a kan dukan ciniki ba, don haka wanda ba ya rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar ba shi da abin da zai kāre kansa da shi.

A nan jaraba biyu su ke. Ta fari, mu rage adadin abin da muka samu. Wannan ƙarya ce, ko da ba a kama mu ba. Ta biyu, mu ba ma'aikaci na goro ya kau da kai, mu tafi ba rasit. Ta haka mun cuci jama'a, mun kuma taya ɗan'uwanmu zunubi. Mu biya daidai, mu karɓi rasit, mu adana. Wanda ya biya, shi ke da bakin tambayar inda aka kai kuɗin hanya da asibiti da makaranta.

3. Mu zauna mu yi lissafi

Ubangiji ya ba da misalin mai gini wanda bai ƙididdige abin da zai kashe ba, ya sa harsashi ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a. Ko da ya ke a kan tsadar almajiranci ya yi misalin, hikimarsa ta shafi gidajenmu. Yusufu ma ya shawarci Fir'auna ya keɓe kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekarun ƙoshi (Farawa 41:34), ba sai yunwa ta zo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ran tafiya.

To, ran da kuɗi ya shigo, miji da mata su zauna tare da littafi da alƙalami. A fara fid da baikon Ubangiji, sa'an nan rabon haraji, a ajiye shi dabam kamar amanar wani. Bayan haka abinci da haya da kuɗin makaranta, da ɗan abin ajiya saboda ciwo ko rasuwa. Abin da ya ragu shi ne na sutura da biki. Wanda ya juya wannan jeri, ya fara da biki, da bashi mai ruwa zai ƙare, har baikonsa ma ya tsaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Yesu ya ce a kawo masa dinari kafin ya amsa?
2. Wane abu ne mai mulki ba shi da ikon nema daga gare mu?
3. In ma'aikaci ya ce zai rage mana haraji ba tare da rasit ba, me za mu amsa masa?

Aikin mako: Kowane gida ya rubuta dukan abin da ya shigo da abin da ya fita har kwana bakwai, mu zo mu tattauna abin da muka koya.